Kalma da Abokan Tafiyarta a Harshen Turanci

Laccar da aka gabatar a Gandi lokacin dogon hutu, gaban ɗaliban ƙasar Gandi, Rabah, Wurno da Goronyo

 

Da aka ce mini ni zan yi magana a kan Turanci, sai da na yi dariya ni kaɗai, domin duk wanda ya san ni a garin nan ya san Turanci ne ya zaunar da ni gida shekara guda cur. Na ci lissafi, na ci Hausa da Addini da sauransu, amma Turanci ya kayar da ni, kuma kun san ba jami'ar da za ta buɗe maka ƙofa in ba ka da kiredit a cikinsa. Shekarar nan a fadama na yi ta, ina ban ruwan albasa, abokan karatuna suna Sakkwato. To, wataƙila dalilin da ya sa aka zaɓe ni ke nan: wanda ya taɓa faɗawa rami ya fi kowa sanin inda bakinsa yake.

Abin da ya fi ba ni haushi a lokacin shi ne, ban rasa kalmomi ba. Ina da wani littafin rubutu da na cika da manyan kalmomin Turanci, kowace da ma'anarta a gefe, na kuwa haddace su sarai. Amma da na zo jera su cikin jimla sai malami ya bi takardata da jan biro har ta koma kamar an yanka kaza a kanta. Sai daga baya na gane cewa sanin ma'anar kalma rabin saninta ne. Sauran rabin shi ne sanin waɗanda take tafiya da su: me ke zuwa gabanta, me ke bin bayanta, da wa take shiri, da wa ba ta zama inuwa ɗaya. Wannan shi ne abin da zan yi magana a kai yau, musamman game da suna da wakilin suna da aikatau.

Bari mu fara daga gida, domin abin nan akwai shi a bakinmu, ba mu dai lura ba ne. Ku saurari waɗannan: "Na sayi albasa." "Na saye ta." "Ga albasar da na saya." Aikatau ɗaya ne, lokaci ɗaya ne, amma ƙarshensa ya sauya sau uku. In suna ya biyo shi, sai ya zama "sayi". In wakilin suna ne, "saye". In ba abin da ya biyo shi, "saya". Ba wanda ya zaunar da mu ya koya mana wannan, amma ko yaron da bai shiga firamare ba ba zai ce "na sayi ta" ba. Wani Bature mai suna F. W. Parsons, malami a London, shi ya tsara aikatan Hausa aji bakwai a 1960, bisa irin wannan sauyi na ƙarshen kalma da karin sautinta, kuma har yanzu da tsarinsa ake koyarwa a sassan Hausa na jami'o'inmu. Haka kuma Bakano zai ce "na saya wa Inna", mu nan ƙasar Sakkwato mu ce "na saya ma Inna", amma in wakilin suna ya shigo duk mukan haɗu a kan "na saya mata". Watau ke nan harshenmu yana lura ƙwarai da ko suna ne ko wakilinsa ke bin aikatau.

To, Turanci ma yana lura. Bambancin kawai shi ne, shi ba ya taɓa ƙarshen aikatau saboda wannan, wurin zaman kalmomin yake sauyawa. Bature zai ce "switch off the light", ya kuma ce "switch the light off", duka biyu daidai ne. Amma da zarar ya ɗauke sunan ya sa wakilinsa, hanya ɗaya ta rage masa: "switch it off". Ba a cewa "switch off it". Haka "pick it up", "put them down", "throw it away". Sai dai kada a ɗauka ko'ina haka ne, domin akwai waɗanda ba a raba su ko da wakilin suna: "look after him", ba "look him after" ba. Haka nan za ka ce "give Musa the money", amma in kuɗin suka koma "it", abin da aka saba ji shi ne "give it to Musa". Wannan ƙaramin abu ne, amma da irinsa mai gyaran takarda ke gane wanda ya saba da harshen da wanda ke fassara daga zuci.

Zancen fassara daga zuci ya kawo ni ga inda muka fi tuntuɓe. A Hausa kusan kowane aikatau yana karɓar "mini", "masa", "mata": ka gaya mini, ka bayyana mini, ka kwatanta mini, ka saya mini. Saboda haka da muka ga Turanci ya yarda da "tell me" da "buy me a cap" da "show me the road", sai muka zaci ƙofa a buɗe take ga kowa, muka shiga rubuta "explain me the matter". Alhali kuwa "explain" ba ya yarda mutum ya manne masa haka, sai an sa "to" a tsakani: "explain the matter to me". Haka "say", "suggest" da "describe". Ku dubi "tell" da "say": ma'anarsu kusan ɗaya, amma "he told me that" daidai ne, "he said me that" kuskure ne. Ba wata hikima da za ka zauna ka gano wannan da ita. Hali ne na kowace kalma, sai ka zauna da ita ka san shi, kamar yadda ka san wane maƙwabcinka ake shiga gidansa kai tsaye, wane ne sai an yi sallama an jira.

Akwai misali guda da nake so ƙwarai, domin yana nuna cewa kuskurenmu yana da asali, ba wauta ba ce. Mukan ce "na ari fartanya", mu kuma ce "na ara masa fartanya". Saiwar kalmar ɗaya ce, tsarin jimla ne ke nuna wanda ya karɓa da wanda ya bayar. Haka "na koyi karatu" da "na koya masa karatu". Turanci kuwa a nan kalmomi biyu ya ware: "borrow" da "lend", "learn" da "teach". Yaron da ya ce wa abokinsa "borrow me your biro", ai "ara mini" ya ɗauko ya sa wa rigar Turanci. Nahawunsa na Hausa lafiya lau yake. Abin da ya rage a nuna masa shi ne inda hanyoyin harsunan biyu suka rabu.

Yanzu wakilin suna shi kansa. Bahaushe ba ya cewa "Musa tafi", dole ya ce "Musa ya tafi", domin wannan "ya" ita ke ɗauke da mutum da jinsi da lokaci gaba ɗaya. Daga nan "my father he went to Rabah" ta samo asali. Na san yawancinku kun wuce wannan. Amma ƙanwarta tana nan tana bin mu har jami'a, watau wadda ke ɓuya cikin doguwar jimla. Mukan ce "mutumin da na gaya masa", "yaron da na ga ubansa", "garin da na zauna a cikinsa". A kowace akwai wakilin suna da ke komawa ga wanda ake magana a kansa. Turanci ba ya son wannan komawar. "The man I told" ya ishe shi, ba a ƙara "him". "The town I lived in" ta tsaya nan, ba "it". Ta tsakiyar kuwa kalma ta musamman ya tanada mata: "the boy whose father I saw". Ku duba tsofaffin takardunku in kun koma gida, na yi imani za ku tarar da wannan "him" ko "it" ɗin a zaune inda ba a gayyace su ba.

Sa'an nan ga "it" wadda ba ta wakiltar kome. Mu mukan ce "ana ruwa", "da wuya a sami taki bana". Turanci kuwa ba ya barin kujerar aikau ba kowa a kai, ko da ba mai zama sai ya ɗora wani abu: "it is raining", "it is hard to get fertilizer". Har tsakiyar jimla takan shiga: "I find it hard to sleep". In ka cire ta jimlar ta rushe. Mu kuma muna da namu abin da su ba su da shi, watau "an" da "ana" da "aka", waɗanda ke ba mu damar faɗin aiki ba tare da ambaton mai yinsa ba. "An sace akuyar Inna." Da yawa mukan juya wannan da "they have stolen", sai mai karatu ya tsaya yana neman su wane ne "they". Abin da Turancin rubutu ya fi yi a nan shi ne ya juya jimlar, akuyar ta dawo gaba: "the goat has been stolen". Duk inda "an" ta zo maka a zuci kana rubutu, to ka tuna da wannan juyin.

Wani abu kuma, a bar ni in faɗe shi ko da zai yi ɗaci. Akwai kurakuran da ba namu ba ne, aro muka yi. Za ka ji an ce "they love themselves" ana nufin suna son juna. Hausa ta raba "kansu" da "juna" rabuwa sarai, daidai yadda Turanci ya raba "themselves" da "each other". Wanda ya yi wannan kuskure a cikinmu, a bakin wani ya tsince shi don yana ganin shi ne gayu. Da ya tsaya ya tambayi Hausarsa da ta ba shi amsa daidai.

Game da suna ba zan daɗe ba. Kun sha jin cewa "advice", "information", "furniture", "equipment" da "luggage" ba su da jam'i, ba a kuma sa musu "a" ko "an". Mu kuwa muna da shawarwari da labarai da kayayyaki, shi ya sa hannu ke ƙaiƙayin ƙara "s". A nan ƙasarmu ma har kuɗi da ruwa jam'i muke ɗaukar su, mu ce "kuɗina sun ƙare", amma "money" tilo ne, "is" yake ɗauka. Abin da ba a cika faɗa mana ba shi ne, suna ma yana da abokan tafiya kamar aikatau. Ana cewa "ability to read" amma "possibility of reading", "reason for" amma "cause of". Kuma a nan ne asirin wasu sanannun kurakuran Nijeriya yake. Sunan "discussion" yana tafiya da "about", "request" in suna ne yana tafiya da "for", "emphasis" da "on". Amma aikatansu ba su son rakiya: "discuss the matter", "request a form", "emphasize the point". Mu sai muka kwashe 'yan rakiyar suna muka kai wa aikatau. Ni kaina na taɓa rubuta wa wani ofis takardar neman tallafin karatu, na buɗe ta da "I write to request for", wani ma'aikaci ya ja layi a ƙarƙashin "for" ya miƙo mini ita ta taga, bai ce uffan ba. Kuɗin mota biyu na yi kafin takardar nan ta shiga.

Har ila yau akwai "yi". Da ita muke barci, muke wanka, muke kuskure, muke alkawari, muke hira. Turanci ya raba aikinta ga ma'aikata huɗu ko fiye: "make a mistake", "make a promise", "take a bath", "have a chat", "do your homework". Wanda ya haddace cewa "yi" ita ce "do" zai rubuta "I did a mistake", ya kuwa yi shi.

To, jama'a, ina aka samo sanin duk waɗannan? Tambayar tana da muhimmanci, domin da daɗewa littattafan nahawun Turanci abin da marubucinsu ke ganin ya kamata a faɗa suke kawowa, ko da mutane ba haka suke faɗa ba. Cikin waɗanda suka fara yi wa irinmu baƙin harshen aiki sosai akwai A. S. Hornby, wanda ya koyar da Turanci a Japan. Ya lura ɗalibansa sun san ma'ana amma ba su san jeri ba, daidai ciwon da na gaya muku. Ƙamusun da ya yi da abokan aikinsa ya fito a Tokyo a 1942, Oxford ta sake buga shi a 1948, shi ne kakan ƙamusun nan na masu koyo da ke cikin akwatunan wasunku. A ciki ya kasa aikatan Turanci bisa tsari 25, ya sa wa kowane aikatau lambar tsarin da yake bi. A 1959 Randolph Quirk ya kafa wani aiki a London na tattara Turancin da mutane ke yi da baki da wanda suke rubutawa, ana kwafe shi a kan 'yan guntayen takardu ana jerawa cikin akwatuna. A Jami'ar Brown ta Amurka kuma aka tara kalmomi miliyan 1 daga rubuce-rubucen da aka buga a 1961, aka zuba su cikin kwamfuta. Sa'an nan a 1980 John Sinclair ya fara aikin COBUILD a Jami'ar Birmingham, ƙamusunsu ya fito a 1987, kuma daga rumbun kalmomin nan ne Gill Francis da Susan Hunston da Elizabeth Manning suka fitar da littafi guda a kan tsarin aikatau a 1996, da wani a kan suna da sifa a 1998.

Yadda suke aikin yana da sauƙin fahimta. Za a ce wa kwamfuta ta kawo duk inda wata kalma ta fito, ta jera layukan, kalmar tana tsakiya, abin da ke gabanta da bayanta suna gefe. In ka bi layi ɗari biyu da ido, sai halin kalmar ya fito fili. Abu mafi daɗi da suka gano shi ne, kalmomin da ke bin tsari ɗaya sau da yawa ma'anarsu ma dangin juna ce. Ɗauki wannan jerin: aikatau, sa'an nan mutum, sa'an nan "into", sa'an nan aikatau mai "ing". Za ka sami "trick him into signing", "force her into marrying", "frighten them into leaving". Duk maganar tursasawa ce ko yaudara. Har "talk", wadda ba ruwanta, in ta shiga jerin nan sai ta ɗauki warinsa: "they talked him into selling his farm", watau sun yi ta yi masa daɗin baki har ya sayar da gonarsa. Kuma sauya tsari yana sauya ma'ana ɗungum. "He stopped eating", ya daina ci. "He stopped to eat", ya tsaya don ya ci. "Remember to lock the door" umurni ne kan abin da ba a yi ba tukuna, "I remember locking the door" tuna abin da aka riga aka yi ne. An kuma lura cewa "cause" ta fi yawo da masifu: haɗari, ciwo, asara. Wannan bai ba ni mamaki ba, don mu ma "haddasa" gobara da fitina take haddasawa, ban taɓa jin ta haddasa alheri ba.

Malamanmu na zaure da ke nan za su ce wannan ai tsohon labari ne, kuma gaskiyarsu. Duk wanda ya yi nisa a Larabci an nuna masa cewa "ragiba" in ta tafi da "fi" so ne, in ta tafi da "an" ƙi ne. A ƙasar da Abdullahi ɗan Fodiyo ya wallafa littattafai a kan nahawu da sarfu, ƙasar da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya zauna ya yi rubutu a Wurno har ya rasu a can a 1837, bai kamata a ce lura da halin kalma ya zame mana baƙon abu ba. Mun dai ajiye wannan basirar a ƙofar aji ne ranar da muka shiga boko.

Saura tambaya guda, na kuwa san akwai mai shirin yi mini ita. In har abin da mutane ke faɗa shi ne ma'auni, to miliyoyin 'yan Nijeriya suna cewa "discuss about", me zai hana ya zama daidai? Tambaya ce mai ƙarfi. David Jowitt, wanda ya koyar a Jami'ar Bayero ta Kano, ya rubuta littafi sukutum a kan Turancin Nijeriya a 1991. An tara rumbun Turancinmu na baka da na rubutu don nazari, kamar yadda aka yi wa na Indiya da na Ingila. A Janairun 2020 babban ƙamusun Oxford ya shigar da kalmomin Nijeriya 29, har da "okada" da "Kannywood". Ni a ganina Turancin Nijeriya abu ne mai rai, ba kuma abin kunya ba ne. Amma ku lura, kalmomi aka karɓa, kuma kalma ta fi tsarin jimla saurin samun shiga. Mai gyaran takardar WAEC ko NECO da ma'aunin daidaitaccen Turanci yake aiki, haka tambayoyin JAMB. Yaron Legas da ya tashi da Turanci a gida yana iya riƙe iri biyu, ya san inda zai yi kowane. Yaron Gandi da sai a aji yake jin Turanci, wani lokaci ma ajin a rufe saboda halin tsaron da yankinmu ya shiga, ba shi da sukunin yin gardama da mai jan biro. Ya fara mallakar wanda ake ci da shi, in ya sami kujera a jami'a sai mu zauna mu yi muhawarar tare.

Abin da ya fisshe ni a zama na biyu ba wani abu ne mai tsada ba. Na ajiye tsohon littafin nan na manyan kalmomi, na sayi sabo. Na daina rubuta kalma ita kaɗai. In na tsinci "accuse" sai in rubuta "accuse him of stealing", in na tsinci "prevent" in rubuta "prevent them from entering", in sa "make him go" kusa da "allow him to go" don in riƙa ganin inda "to" take da inda ba ta. Na koma karanta misalan da ke cikin ƙamus, waɗanda dā nake tsallakewa in na ga ma'ana. Duk tsohuwar jaridar da aka ƙunso mini wani abu a ciki sai na warware ta na ja layi a ƙarƙashin aikatau biyar da abin da ya bi su. Masu waya a cikinku aikin ya fi muku sauƙi, domin ƙamusun Oxford da na Collins duk suna kan intanet, da misalansu.

Mu da muka zo daga jami'a za mu zauna da 'yan aji biyar da aji shida kowace safiya har hutu ya ƙare. Gobe da ƙarfe 9 za mu fara da aikatau 20 da aka fi tuntuɓe a kansu. Kowa ya zo da sabon littafin rubutu da tsohuwar takardar insha'insa wadda malami ya gyara, kada kunyar jan biro ta sa a bar ta gida, tawa ma zan zo da ita. Iyaye kuma muna roƙo a sassauta wa 'yan mata tallar safe a kwanakin nan, su ma su samu su zo.